A Sallami Jamila Daga Makaranta

Mai girma shugaban taro kuma shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, Alhaji Abdulmalik, shugaban makarantarmu, Mista Nicholas, malaman masallaci da na coci da suka buɗe mana da addu'a, iyayena maza da iyayena mata da kuka taso daga Makera da Kakuri da Barnawa, har da ku da kuka shiga mota tun daga Rido, 'yan'uwana malamai, da ku 'ya'yana 'yan aji huɗu da biyar da shida da kuka cika tagogi: assalamu alaikum, barkanmu da hantsi.

Na gode wa kwamiti da ya ba ni minti goma in yi bayani a kan yadda yaro zai shirya tun yana sakandare idan yana son jami'ar ƙasar waje. Ina neman afuwa tun yanzu, domin zan wuce minti goma. Shekara ashirin da biyu ina riƙe da alli a garin nan, shida daga ciki ina zaune a ofishin ba ɗalibai shawara, ban taɓa wuce lokacina ba. Yau zan wuce, mai ƙararrawa ya ajiye ta ya huta.

Na kuma gode wa Malam Ɗanjuma, tsohon ma'aikacin masaƙa, wanda ke zaune can bakin ƙofa. Labarin gidansa zan ba ku, kuma da izininsa. Cewa ya yi, "Malama Hajara, faɗi duka. Kunyar da na sha ni kaɗai ta isa, gara ta amfani wani."

Kun ga wasiƙar nan? Wata huɗu da suka wuce Baba Sunday, masinjanmu, ya ɗauko ta daga akwatin gidan waya ya ajiye min a tebur. Daga wata jami'a take a Kanada. An rubuta a ciki cewa ana taya Jamila Ɗanjuma murna, an ba ta gurbin karatun injiniya, kuma kyauta za ta yi karatun. Kun san yarinyar. Bara a nan ta tsaya, inda nake tsaye, aka kira ta sau biyar karɓar kyauta, kuka tafa har wani ya ce a ba ta kujera kusa da tebur ta huta da zirga-zirga.

Jama'a, Jamila Ɗanjuma ta rasu a shekarar 1985. Ƙyanda ce ta ɗauke ta tana da shekara biyu da wata ɗaya. Ba ta taɓa riƙe fensir ba. Kalmominta duka ba su fi goma ba, kuma uwarta tana iya lissafa muku su har yau. Kabarinta ya baje tuntuni, mahaifinta ya je nema ya kasa gane shi. Amma fayil ɗinta yana ofishina, ya yi kauri, yana da hotuna, kowace shekara tana ƙara tsawo. Ta ci lissafi, ta ci kimiyya, ta yi shugabar ɗalibai mata. Bana ta cika shekara ashirin, har Turawa sun rubuto suna jiran ta.

Wadda kuka tafa wa sunanta Maimuna. Ƙanwar Jamila ce, an haife ta wata uku bayan an binne yayarta.

Ku da kuka yi firamare a zamaninmu kun san yadda ake ɗaukar yaro: a ɗora masa hannu bisa kai, in ya kamo kunne ya shiga aji, in bai kamo ba ya koma gida. Maimuna na da shekara biyar aka kai ta, yatsunta suka tsaya a gashi. Hedimasta ya ce, "Malam, mayar da ita sai baɗi, ko ka kawo takardar haihuwa da ta nuna ta isa." Ita a ɗaki aka haife ta, ba ta da takarda. Jamila kuwa a asibiti aka haife ta, takardarta na nan kwance a ƙasan akwatin ƙarfe, ƙarƙashin zannuwan uwarsu. Malam Ɗanjuma ya ce min, "Na ga takarda ce a ajiye ba ta amfanar kowa, ga yarinya na ta kuka tana son bin yara." Ya ɗauko. A hanya ya sunkuya ya ce da Maimuna, "In an ce Jamila, ki amsa."

Ta amsa. Shekara goma sha biyu tana amsawa, safiya fiye da dubu biyu. Shekara uku daga ciki da bakina na kira, domin ni ce malamar ajinsu. Kullum in na kira sai ta ɗan yi shiru kafin ta amsa da Turanci, "Firezan, Ma." Na sha yi mata tsawa: "Jamila, barci kike yi ko kurumta?" Sai watan jiya na tambaye ta dalilin shirun nan. Ta ce, "Malama, nakan ɗan jira ne, ko mai sunan za ta amsa."

Na karanta labaran fatalwa, namu da na wasu ƙasashe, tun ina budurwa, ba wanda ya taɓa tayar min da tsigar jiki kamar maganar nan, kuma da rana tsaka aka faɗa min ita, fanka na juyawa, ana buga ƙwallo a fili.

Kun sha tambaya me ya sa uwar yarinya mai hazaƙa haka ba ta taɓa zuwa taro ba. Wata a cikinku ta ce a kunnena, "Ai wasu iyayen ba su san darajar boko ba." To, ga amsarki, Hajiya. Sau ɗaya ta zo, a firamare, ta ji an ɗaga murya an kira 'yarta da ta binne, ta ga wata 'yar tata ta miƙe. Tun daga ranar ba ta ƙara taka ƙofar makaranta ba.

Yanzu bari in yi aikin da aka sa ni. Tun da soja suka koma bariki shekara huɗu da suka wuce, ƙasashen da suka juya mana baya suka fara buɗe ƙofa, kowane uba ya shiga cewa ɗansa zai tafi waje. Madalla. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Abu huɗu zan faɗa, kuma kowanne na koye shi ne a kan yarinyar nan.

Na farko, kuma shi ne uwa da uba: ranar da ɗanka ya shiga aji huɗu, ka koma gida ka buɗe akwatin ƙarfe. Ka fito da takardar haihuwa, da ta gama firamare, da ta ƙaramar sakandare, ka shimfiɗa su a tabarma ka duba ko mutum ɗaya suke faɗa. Suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya. Mu mutane ne masu wasa da takarda. Mukan rage wa yaro shekara biyu don aikin gwamnati na gaba, mukan ƙara masa ɗaya don ya shiga aji, mukan sa masa sunan kawu don kawun ne ya kai shi makaranta. A nan ba wanda ke tambaya, domin kowa ya san kowa. Can ba su san kawunka ba, ba su san unguwarku ba, ba su taɓa ganin fuskar ɗanka ba. Takarda ce ɗanka a wurinsu. Kafin a cika fom ɗin babbar jarrabawa, suna ɗanyen siminti ne, rantsuwa ɗaya a kotu da sanarwa a jarida sun isa su gyara shi cikin mako guda. Bayan an cika fom, ya bushe. Da wani a cikinmu ya tambayi Malam Ɗanjuma shekara huɗu da suka wuce, da yau ba na tsaye a nan ina ɓata muku Asabar. Ba wanda ya tambaya. Ni ce mai ofishin tambaya, ni ma ban tambaya ba.

Na biyu: jami'o'in nan ba sakamakon ƙarshe kaɗai suke so ba. Suna so su ga abin da yaro ya ci a aji huɗu, da biyar, da shida, zango bayan zango, da hatimin makaranta. Ku iyaye, ku daina kunna risho da katin sakamako. Mu kuma malamai, ina gayyatar duk mai ƙarfin zuciya ya zo in buɗe masa sito ɗinmu. Kwana tara muka yi a ciki ni da Baba Sunday. Rufin na yoyo tun damina uku, gara ta ci rajistar shekara biyu ta bar mana bango, ɓera ya haihu a kan sakamakon 'yan aji biyar. Baba Sunday ya ɗaga wani littafi, ƙasa ta zubo, ya ce, "Madam, waɗannan kam sun gama karatu." An yi wa ƙofar shiga fenti sau biyu a shekarun nan, na gani, ya yi kyau. Kwano huɗu rufin sito yake nema.

Amma ba gara ce ta fi tayar min da hankali a ɗakin nan ba. Da na gano abin da ya faru da Maimuna, sai na ɗauki takardun haihuwar yaran da ke aji yanzu ina duba su ɗaya bayan ɗaya. Na ga yaron da takarda ta ce shekararsa goma sha tara, muryarsa ko fashewa ba ta yi ba. Na ga 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, wata biyar tsakaninsu. Na ware ashirin da uku. Na bi gidaje, na Musulmi da na Kirista, domin wannan ɗabi'a ba ta san masallaci ba, ba ta san coci ba. Yawancinsu takardar ɗan'uwa ce aka ara, mai ita yana nan da rai yana koyon walda ko yana ƙauye. Huɗu kuwa masu takardar suna ƙarƙashin ƙasa.

Huɗu, jama'a. Jibi Litinin da ƙarfe takwas saura kwata, a ajujuwan da ke bayanku, malamai za su buɗe rajista su kira matattu huɗu, kuma za a amsa. Ba zan faɗi sunayensu ba. Iyayensu suna ɗakin nan, na ga biyu sun sunkuyar da kai, ku ɗaga, ba tonon asiri na zo yi ba. Garin nan ya binne mutane da yawa ba tare da sunayensu ba, duk wanda ya ƙetare gadar kogi da kaya a ka lokacin rikicin nan na shekara uku da suka wuce ya san abin da nake nufi. Sai ga mu kuma mun binne yara mun hana sunayensu kwanciya.

Na uku gajere ne, domin ni kaina yake suka. Za su nemi wasiƙar shaida daga malamin da ya san yaro. Ni na rubuta wa yarinyar nan tata. Na zuba Turanci shafi biyu, na fara da cewa na san Jamila shekara shida, na san halinta ciki da waje. Ko sunanta ban sani ba. Malamai, yaron da za ku yi wa shaida a aji shida, ku san shi tun aji huɗu. Ku taka zuwa gidansu ko sau ɗaya, ku ji abin da uwarsa ke kiran sa in za ta aike shi.

Na huɗu shi ne lokaci. Su ba sa jiran ɗanka ya gama sannan ka fara tambayar mutane a wurin ɗaurin aure. Kusan shekara guda kafin a fara karatu suke rufe ƙofa. Akwai jarrabawar Turanci da sai an yi tafiya a rubuta, akwai fasfo, akwai wasiƙar da kan yi mako shida a hanya. Wanda ya makara shi ke faɗawa hannun mutanen nan masu teburi da na'ura ɗaya a shago, masu cewa su ke da mabuɗin Ingila. Maimuna ba ta makara ba. Tana aji huɗu ta shigo ofishina da littafin rubutu, ta ja layi, ta rubuta abin da za ta yi kowane zango har shekara uku. Ta ce tun tana ƙarama take hango wutar matatar mai tana ci a sama, tana so ta san abin da ake ƙonawa da dalilin da ya sa ba a amfani da shi. Duk abin da ke littafin nan ta yi shi a kan kari. Abu ɗaya ne ba ta rubuta ba, domin an gaya mata tun tana shekara biyar cewa ba a maganarsa.

Ga inda aka tsaya. Da wasiƙar ta zo, aka tashi yin fasfo. Malam Ɗanjuma ya ɗauko tsohuwar takardar zai fita, matarsa ta tsaya a bakin ƙofa. Matar da shekara goma sha uku ba ta ce uffan ba ta ce, "'Yata ba za ta tsallaka teku da sunan matacciya ba. In wani abu ya same ta can, wa za a aiko a ce min ta rasu? Sau biyu zan binne Jamila?" Ya mayar da takardar cikin akwati. Ya je kotu ya yi rantsuwa a kan gaskiya, aka yi fasfo da sunan Maimuna da shekarunta na ainihi. Muka aika. Jami'a ta rubuto cikin ladabi tana tambaya: wace ce wannan, ina kuma wadda muka ɗauka? Na rubuta musu komai. Suka ce sun ji, za su karɓi rantsuwar uba da hotuna, amma sai shugaban makaranta ya sa hannu da hatimi cewa yarinyar da ta zauna ajin nan, ta rubuta jarrabawar nan, ita ce mai fasfon nan. Juma'a mai zuwa wa'adin ke cika. In takardar ba ta isa ba, gurbin ya tafi ga wani.

Mako uku takardar na kan teburin shugaban makaranta.

Alhaji Abdulmalik, ranka ya daɗe, da na kawo maka kuka ka ce min, "Haba Malama, abu mai sauƙi. A yi mata wani fasfon da sunan Jamila mana, wa zai sani?" Na san da zuciya ɗaya ka faɗa, haka kowa zai faɗa a garin nan, shi ya sa abin ya fi ƙona min rai. Wa zai sani? Digirinta zai fito da sunan. Aikinta da sunan. Takardar haihuwar 'ya'yanta za ta ce uwarsu Jamila ce, wadda ta rasu tana shan nono. In ta tsufa ta mutu, a rubuta wa Jamila takardar mutuwa, ita kuwa Maimuna ta wuce duniyar nan ba ta taɓa zuwa ba. Kayan aro ba ya rufe katara, Alhaji, balle likkafani.

Mista Nicholas, yallaɓai, kai tsoronka ya fi nasa tushe, ba kuma zan raina shi ba. Ka ce in ka sa hannu, hukumar jarrabawa na iya cewa wata ta rubuta wa wata, a hana mu zama cibiyar jarrabawa, yara ɗari uku su shafu. Na kwana da maganar, na tashi da ita. Ga abin da na tono a sito: hotonta na aji ɗaya, da na aji uku, da wanda ke manne a fom ɗin jarrabawa, duk da tabon nan na saman girarta ta hagu. Ga sa hannun malamai goma sha ɗaya da suka koyar da ita. Ba wanda ya rubuta mata ko harafi. In akwai wadda aka cuta ita ce, ta yi noma shekara goma sha biyu ana kai hatsin rumbun matacciya. Na riga na sa hannuna a ƙasan inda naka zai zauna. In hukuma ta zo da tambaya, ni za a fara kira, ni na kira rajistar, ni na cika fom ɗin. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da zai rushe makarantar nan shi ne a gano muna da ashirin da uku, mun sani, mun yi shiru.

Ga takardar, yallaɓai. Ga alƙalami, nawa ne, yana rubutu. Karanta a tsanake, ina da wani aiki kafin ka gama.

Yarinyar tana nan. Uwarta ma tana nan, can layin ƙarshe, yau ta fara shigowa harabar nan, kuma sai da na yi mata alkawarin abin da za ta ji. Zan yi abin da ba malamin da ya taɓa yi tun daga aji ɗaya na firamare. Ku yi min shiru irin na aji.

Maimuna Ɗanjuma.

Kun ga, ta tsaya jira. Sabo ne. 'Yata, ba wadda za ki jira yau, naki ne, da shi aka yanka miki rago.

Maimuna Ɗanjuma.

Na'am, ta ce. Kun ji ta. Ba Turanci ta amsa da shi ba, yadda take amsa wa uwarta ta amsa. Zauna, Allah ya yi miki albarka. Ku bar uwar ta yi kukanta, kada wanda ya ce mata ta yi haƙuri, ta yi shi da yawa.

Yallaɓai, na ga alƙalamin ya sauka. Na gode, kuma zan tuna maka da wannan duk ranar da muka sake faɗa. Baba Sunday, kawo hatimi, yau za a aika ta faks, ba Litinin ba.

Ku iyayen ashirin da ukun nan, da duk wanda bai tabbata ba, daga jibi ina ofis tun bakwai. Ku zo da abin da ke cikin akwatin ƙarfe. Ba zan tambaye ku dalili ba, na riga na san shi. Sha shida daga cikin yaran nan ba su cika fom ba tukuna, simintinsu bai bushe ba.

Allah ya shirya mana 'ya'yanmu, ya ba su ilimi mai amfani, wanda zai tafi ya kai shi lafiya ya dawo mana da shi da sunan da muka raɗa masa. Allah ya zaunar da garinmu lafiya, tsallaken nan da tsallaken can. Allah ya saka wa kowa da ya zo, ya mai da shi gida lafiya.

Saura addu'a ɗaya. Ga rajistar 'yan aji shida ta bara, ga layi na goma sha huɗu, da hannuna zan ja masa jan biro a gabanku. Jamila Ɗanjuma, 'yar shekara biyu da wata ɗaya, mun tsare ki a makaranta shekara goma sha biyu ba da saninki ba, ki yafe mana. An tashi. Allah ya sa ki ceci iyayenki.

Na gode.